Rangwamen haraji ga masu ɗaukar yaro riƙo a Amurka: abin da ya kamata ku sani

Ɗaukar yaro riƙo ta hannun kotu a Amurka abu ne mai cin kuɗi. Akwai kuɗin kamfanin da ke haɗa iyalai da yara, da na lauya, da na kotu, da na jami'in da zai zo ya duba gida ya tabbatar ya dace da zaman yaro, ga kuma tafiye-tafiye da kwanan otal. Domin rage wa iyalai wannan nauyi gwamnatin tarayya take ba da rangwame a kan harajin kuɗin shiga. Mutane da yawa sun san ana samun rangwamen idan alƙali ya tabbatar da riƙo. Kaɗan ne suka san cewa ko da maganar ta wargaje a hanya, aka koma gida hannu rabbana, doka ta yarda a nemi rangwamen a kan kuɗin da aka kashe, muddin yaron ɗan cikin Amurka ne.

Nawa ne, kuma wa ya cancanta

Majalisar dokokin Amurka ta kafa rangwamen a 1996, ya fara aiki a 1997 da dala 5,000 ga kowane yaro. Daga 2002 aka ɗaga shi zuwa dala 10,000, sannan aka riƙa daidaita shi gwargwadon tsadar rayuwa, kuma a farkon 2013 aka mayar da shi doka ta dindindin. A shekarar haraji ta 2024 iyakarsa dala 16,810 ne, a 2025 kuma dala 17,280. Wannan iyaka ta yaro ce, ba ta shekara ba. Ko da hidimar ta ɗauki shekara uku ana biyan kuɗi, jimillar abin da za a samu a kan yaro guda ba za ta wuce iyakar ba.

Ana cire rangwamen ne kai tsaye daga harajin da ake bin mutum, dala ɗaya a madadin dala ɗaya. Yaron da ake nema dole ya kasance bai kai shekara 18 ba, ko kuma yana da lalurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa da ta hana shi kula da kansa. Masu samu da yawa rabonsu yana raguwa: a 2025 rangwamen yana fara zaizayewa idan kuɗin shigar iyali ya haura dala 259,190, ya ƙare ƙaƙaf a dala 299,190. Wanda ya faɗo daidai tsakiya, rabi zai samu. Ma'aurata kuma, in ban da 'yan wasu yanayi, sai sun cika takardar haraji ta haɗin gwiwa.

Abin da ake lissafawa da wanda ba a lissafawa

Hukumar haraji ta Amurka, IRS, tana karɓar kuɗin da aka kashe kai tsaye a kan neman riƙon: ladan kamfani, kuɗin lauya da na kotu, kuɗin binciken gida, da kuɗin tafiya har da abinci da masauki yayin da aka bar gida. Kuɗin binciken gida yana shiga ko da an biya shi tun ba a san wane yaro za a ɗauka ba.

Ba a lissafa abin da aka kashe wajen mayar da agola ɗan riƙo, wato ɗan miji ko ɗan mata. Ba a lissafa kuɗin yarjejeniyar da wata mace za ta ɗauki ciki ta haifa wa wasu. Haka nan duk kuɗin da aka biya ta hanyar da ta saɓa wa doka, ko wanda gwamnati ko wurin aiki suka riga suka mayar wa mutum. Amma ɗan ɗan'uwa, ko jika, ko ƙane, duk suna iya shiga idan an bi ta kotu.

Wasu wuraren aiki suna taimaka wa ma'aikatansu da kuɗin riƙo. Wannan taimako ba a ɗora masa harajin kuɗin shiga, har zuwa iyaka irin ta rangwamen. Mutum zai iya cin moriyar duka biyun, sai dai rasit guda ba ya shiga wuri biyu.

Idan riƙon ya wargaje

Yadda abin ya fi faruwa shi ne, mace mai ciki ta amince za ta ba da jaririnta, iyalin da za su karɓa su biya kamfani da lauya, su yi tattaki zuwa wata jiha, su kama otal kusa da asibiti da kujerar jariri a bayan mota. Bayan haihuwa uwar ta dubi ɗanta ta ce ta fasa. Haƙƙinta ne, kuma kowace jiha tana da nata ƙa'idar kan lokacin da uwa za ta sa hannu da lokacin da za ta iya janyewa. Iyalin sai su koma gida da ɓacin rai, yawanci kuma kuɗin da suka biya ba ya dawowa.

A irin wannan hali, idan yaron ɗan ƙasa ne ko mazaunin Amurka a lokacin da aka fara neman riƙon, ana iya neman rangwame. Sharaɗin shi ne a jira shekarar da ke biye da wadda aka biya kuɗin. A nan mutane suka fi tuntuɓe.

A ɗauka wasu ma'aurata sun kashe dala 9,000 a 2023: dala 5,000 ga kamfani, 2,500 ga lauya, 1,500 a tafiya da masauki. A watan Oktoba uwar ta janye. Ba za su sa kuɗin a takardar harajin 2023 ba. A ta 2024 za su sa, wadda ake miƙawa a farkon 2025. Ke nan daga ranar biya zuwa ranar ganin rangwamen an doshi shekara biyu.

Sai kuma wata ƙa'ida da ke ba mutane mamaki. Yunƙurin da ya wargaje da wanda ya biyo bayansa, a wurin IRS ƙoƙari ɗaya ne na neman yaro ɗaya, don haka iyakarsu ɗaya. Idan waɗannan ma'aurata suka sake gwadawa, suka kashe dala 14,000 a 2025, alƙali ya tabbatar musu da riƙo a wannan shekara, jimillar abin da suka kashe dala 23,000 ne, amma abin da ya rage musu dala 8,280 ne kawai, wato 17,280 a cire 9,000 ɗin da suka riga suka karɓa. Ko da yunƙuri na biyun ma ya wargaje, haɗa su za a yi.

Fom mai lamba 8839 ake cikewa, a haɗa da takardar haraji ta 1040. Fom ɗin yana neman sunan yaro da shekarar haihuwarsa da lambarsa, alhali wanda riƙonsa ya wargaje sau da yawa bai ma san sunan jaririn ba. Abin da ake yi shi ne a cika gurbin da aka sani, sauran a nuna cewa akwai bayani a maƙale, sannan a maƙala takarda mai ɗauke da suna da adireshin kamfani ko lauyan da ya yi hidimar.

Idan an kammala

Ga yaron cikin Amurka lissafin lokaci kashi uku ne. Kuɗin da aka biya kafin shekarar kammalawa, ana nemansa a shekarar da ke biye da biyan. Wanda aka biya a shekarar da alƙali ya tabbatar, a wannan shekara ake nema. Wanda ya biyo baya, a shekarar da aka biya shi. Idan yaron yana hannu amma ba a kammala ba, kuma ba a samu lambarsa ta soshiyal sikiyoriti ba, ana neman lambar wucin gadi da fom W-7A, wadda ke aiki na shekara biyu.

Akwai gata na musamman ga wanda ya ɗauki yaron da hukumar jiha ta ayyana a matsayin mai buƙata ta musamman. Ba lallai ne yaron ya kasance yana da naƙasa ba. Ma'anar ita ce hukuma ta yanke cewa ba zai koma hannun iyayensa ba, kuma da wuya a samu mai ɗaukarsa sai da tallafi, wataƙila saboda shekarunsa ko don yana tare da 'yan'uwansa da ba a son raba su. Yawancin irin waɗannan yara suna fitowa ne daga tsarin riƙon wucin gadi na gwamnati. Wanda ya ɗauki irin wannan yaro yana samun cikakken rangwamen a shekarar kammalawa, ko da bai kashe ko sisi ba. Idan kuwa ba a kammala ba, wannan gata babu shi. Wata doka ta 2025 ta ba hukumomin ƙabilun asali na Amurka ikon yin irin wannan ayyanawa kamar jihohi.

Yaron da ke ƙasar waje

Nan ne dokar ta fi tsauri, kuma nan ne ta fi shafar 'yan Najeriya da Nijar da Ghana mazauna Amurka, waɗanda sukan so ɗauko maraya daga cikin dangi. Idan yaron ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba mazaunin Amurka ba, babu rangwame sai an kammala riƙon. Duk kuɗin shekarun baya ana tara su ne a nema gaba ɗaya a shekarar kammalawa. Idan maganar ta wargaje, kuɗin jirgi da na lauya da na kamfani duk sun tafi. Yaron waje kuma ba ya shiga sahun masu buƙata ta musamman, komai lalurarsa.

Riƙo irin namu na gida, inda ƙane zai karɓi ɗan yayansa bayan rasuwa da shaidar dangi kawai, ba ya ba da haƙƙin rangwame, komai yawan abin da aka kashe a kan ci da sha da makarantar yaron. Takardar zama waliyyi ita kaɗai ma ba ta wadatar ba. Abin da IRS ke nema shi ne hukuncin kotu da ya mayar da yaron ɗa a idon doka. Wani yaron yakan shigo Amurka da bizar IR-3 bayan an gama komai a ƙasarsa. Wani kuma da IR-4, inda kotun jihar da iyalin ke zaune ce za ta kammala, kuma shekarar wannan hukunci ita ce abin lura. Ghana ta shiga yarjejeniyar Hague ta 1993 kan riƙon yara tsakanin ƙasashe, ta fara aiki da ita a 2017, Najeriya kuwa ba ta ciki, don haka hanyoyin da ake bi sun bambanta.

Ga Musulmi akwai ƙarin tunani, tunda shari'a ta kwaɗaitar da kula da maraya amma ta hana jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, kuma riƙo ba ya haifar da gado. Wannan magana ce da za a kai wa malami da lauya tun kafin a biya kuɗin farko, musamman batun barin yaro da sunan mahaifinsa.

Kuɗi a hannu ko ragin bashi

A mafi yawan tarihinsa rangwamen ba ya wuce harajin da ake bin mutum. Abin da ya yi saura ana tura shi gaba har shekara biyar, in bai ƙare ba ya faɗi. A 2010 da 2011 ne kawai aka biya ragowar a hannu baki ɗaya. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta kawo sauyi: daga shekarar haraji ta 2025, har dala 5,000 na rangwamen ana iya biya a hannu ko da ba a bin mutum haraji.

Iyalin da suka cancanci dala 17,280 a 2025, harajinsu na shekara kuma dala 3,000 ne, za su karɓi dala 5,000, a shafe musu 3,000 ɗin, sauran dala 9,280 su tura gaba. Abin da aka turo daga shekarun baya ba a biyansa a hannu. A lura kuma, harajin da ake nufi shi ne jimillar abin da ya hau kan mutum a shekara, ba ragowar da zai cika a watan Afrilu ba. Wanda aka riga aka yanke masa haraji daga albashi, rangwamen zai sa a mayar masa da abin da aka yanka.

Takardu

Lokacin da ake biyan rangwamen gaba ɗaya a hannu, IRS ta tsananta bincike ƙwarai. A 2012 kusan kashi 70 cikin ɗari na takardun da suka nemi rangwamen sai da aka bi su da bincike, iyalai suka yi watanni suna jiran kuɗinsu. Yanzu da biyan hannu ya dawo, wanda takardunsa suka cika shi ne zai kwana da daɗi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga ranar farko a ajiye yarjejeniyar kamfani, da takardun kuɗin lauya, da rahoton binciken gida, da tikitin jirgi da rasit na otal, da shaidar biya daga banki. Idan riƙon ya wargaje, a nemi wasiƙa daga kamfani ko lauya mai nuna ranar da abin ya faru da kuɗin da ba a mayar ba. Idan an kammala, a adana hukuncin alƙali, da takardar hukumar jiha in yaron mai buƙata ta musamman ne. Jihohi da dama kuma suna da nasu rangwamen daban da na tarayya, yana da kyau a tambaya.

Wanda riƙonsa ya wargaje a shekarun baya kuma bai nemi komai ba, ƙofa ba ta rufe nan take ba. Doka ta ba da shekara uku daga ranar miƙa takardar haraji a gyara ta da fom 1040-X. Ku duba shekarar da kuka biya kuɗin, ku ƙara ɗaya, ku ga ko wa'adin bai wuce ba, sannan ku kai takardunku wurin ƙwararren mai cika haraji da ya saba da fom 8839.