Tsofaffin taswirorin hanya da masu tara su

A Amurka, tun wajen 1914, gidajen mai irin su Gulf suka fara ba direbobi taswirar hanya kyauta, daga baya Esso da Shell suka bi sahu. Dabarar kasuwa ce: wanda ya san hanya zai yi tafiya, mai tafiya kuma dole ya sha mai. Da man ya yi tsada a 1973, kyautar ta fara ja da baya. Yau akwai masu tara su, suna duba tambarin kamfani da shekarar bugu, suna lura da hanyar da babu ita a bugun farko amma ta bayyana a na gaba.

A nan Afirka ta Yamma, wadda ta yi suna ita ce taswirar kamfanin taya na Michelin mai lamba 153, ta Afirka ta Arewa da ta Yamma, wadda daga baya ta koma 953, sannan 741. Ita sayenta ake yi. Santimita ɗaya a takardar kilomita 40 ne a ƙasa, don haka daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya bai kai faɗin yatsu biyu ba. Har rijiyoyin Sahara ta nuna, abin da ran matafiyi ya rataya a kai.

Mutumin garin Sarkin Yamma da zai shiga kasuwar Maraɗi ba ya buƙatar takarda, ƙafarsa ta san hanya. Amma duk wanda ke da tsohuwar taswira a akwatin mahaifinsa, ta ɓare a wurin ninki, ya adana ta nesa da gara da danshin damina.