Abin Da Ya Sa Masu Asibiti Suka Goyi Bayan Inshorar Lafiya A Gana

A taronmu na baya an yi ta muhawara a kan katin asibiti na ƙasar Gana, inda wasu suka ce in dai har masu asibiti da masu sayar da magani suna son abu, to, talaka ya yi hattara da shi. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa muka ga ya kamata mu warware yadda abin ya faro.

Dattawanmu da suka daɗe suna sauke shanu a Kumasi da Tulaku ba su manta da zamanin da ake kira kash-an-kari ba, wato biya kafin a taɓa ka. Tun daga 1985 gwamnati ta tsananta karɓar kuɗin asibiti. Ko sa ne ya soke yaronka, jini na zuba, sai ka ajiye kuɗi tukuna. Wanda aka yi wa aiki bai biya ba kuwa, akan riƙe shi a gado har danginsa su kawo.

To amma fa su ma masu asibitin ba daɗi suke ji ba. Mara lafiyar da ya zauna a gida saboda tsoron kuɗi, ko wanda ya sulale da dare da bashi a kansa, duk asara ce gare su. Saboda haka ne asibitin mishan na Katolika da ke Nkoranza, kusa da Techiman, ya kafa asusun kansa a 1992: kowa ya zuba ɗan abu sau ɗaya a shekara, in an kwantar da shi asusun ya biya. Ka ga ke nan asibiti ne ya riga gwamnati. Sai a 2003, zamanin Shugaba Kufuor, majalisa ta yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa baki ɗaya. Masu gardama a lokacin ma ƙungiyoyin ƙwadago ne, domin an ce za a riƙa ɗibar kashi 2.5 cikin ɗari daga abin da ma'aikata ke zubawa na fansho. Sauran kuɗin, wanda shi ne mafi yawa, daga harajin kashi 2.5 ne da aka ɗora a kan kayan saye. Wato duk wanda ya yi cefane a Gana, ko baƙo ne, ya sa hannu a asusun.

Mu ba sai an yi mana dogon bayani ba, don sana'armu ce. Mahauci ya ɗauki sa bashi, maigida ya tsaya masa, bafatake ya saki dabbarsa saboda ya yarda da maigidan. Hukumar inshora ita ce maigidan a nan. Asibiti ya duba ka, ya ba ka magani, ya rubuta takarda ya aika mata, ya zauna jiran kuɗi. Kuma kowa ya san abin da ke faruwa ran da maigida ya fara cewa ka dawo mako mai zuwa, ka dawo bayan salla.

Haka ɗin ne ya faru. Biyan ya riƙa yin jinkiri na watanni, har ta kai a 2014 asibitocin ƙungiyar mishan suka dakatar da karɓar katin na ɗan lokaci, alhali su ne ke riƙe da ƙauyuka da yawa. Masu kawo magani suka daina ba asibitoci bashi, asibitoci kuma suka koma rubuta wa mutane takarda su je kemis su saya. A 2017 aka ƙara dagula lissafi da wata doka da ta ba gwamnati damar riƙe wani ɓangare na harajin ta yi wasu ayyuka da shi. Masu asibiti sun yi ta kuka a kanta sai da aka cire wa asusun lafiya wannan takunkumi a 2025. A ganinmu, goyon bayansu na neman abinci ne, kuma ba laifi ba ne, muddin sun bar karɓar kuɗi a bayan fage daga mai kati.

'Yan'uwanmu na Nijar sun ga irin wannan: tun 2006 aka ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma da gwamnati ta yi jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, sai magani ya yi ƙaranci.

Yanzu abin da ya shafe mu. Dokar da aka sabunta a 2012 ta mazauna Gana ce, don haka wanda ke da gida ko iyali a zango ya yi rajista, shi da yaran da ke bin motar shanunsa. Mai ciki ba ta biya tun 2008. Katin shekara guda yake yi, ana sabunta shi ta waya da lambar *929#, sai a duba tun kafin a loda. Amma da zarar mota ta ƙetare Paga ta shiga Burkina, katin ya zama takarda kawai. Don wannan ne muke roƙon kowane ayari ya ware kuɗin magani daban da kuɗin hanya, a damƙa wa mutum guda, a rubuta sunansa a littafin ƙungiya kafin a tashi.