Sana'ar Gyaran Ƙananan Bindigogi a Amurka: Inda Kwalliya Ke Ƙara Daraja, da Inda Take Jawo Hasara

A ƙasar Amurka akwai maƙeran da ba sa ƙera bindiga tun daga tushe. Aikinsu shi ne karɓar wadda kamfani ya riga ya ƙera, su daidaita ta da bukatar mai ita, sannan su sabunta mata fuska. Bindigar da ta fi raya wannan sana'a ita ce fistol samfurin M1911, wadda John Moses Browning ya tsara, kamfanin Colt ya ƙera, rundunar sojan Amurka kuma ta karɓa a shekarar 1911. Tana ɗura wa kanta harsashi, amma guda ɗaya take fitarwa a duk jan kunama.

Sojojin ƙasar sun riƙe ta a matsayin babbar fistol ɗinsu har zuwa 1985, lokacin da aka maye gurbinta da Beretta M9. A tsawon wannan zamani gwamnati ta sayi kimanin guda miliyan 2.7. Da yake an ƙera su ne domin fagen fama, an bar ɗan sarari tsakanin sassansu don kada ƙura ko laka su hana su aiki. Masu gasar harbi kuwa daidaiton saiti suke nema, kuma wannan bukata ce ta buɗa wa maƙera kasuwa.

Kasuwar ta ƙara bunƙasa bayan kafa ƙungiyar gasar harbi ta duniya, IPSC, a jihar Missouri cikin 1976. Shekara guda bayan haka Bill Wilson ya kafa kamfanin Wilson Combat a garin Berryville na jihar Arkansas, daga baya kuma irin su Les Baer da Ed Brown suka yi suna. Fistol ɗin kamfani ta talakawa ana samunta ƙasa da dala 1,000, amma wadda ta fito daga hannun irin waɗannan maƙera takan kai dala 3,000 ko fiye. Akasarin bambancin kuɗin ladan aikin hannu ne, domin kowane sashe sai an goge shi an gwada, har ya zauna daram da ɗan'uwansa.

Aikin ya kasu gida biyu. Na farko ya shafi daidaita bututu da kunama, sauya abin saiti, da yi wa mariƙi tsage-tsage don kada ya zame a hannu. Na biyu shi ne sabunta fuskar ƙarfe, wanda babbar manufarsa kare shi daga tsatsa. Tsohuwar hanya ita ce tsoma ƙarfen cikin tafasasshen ruwan sinadari har ya yi baƙi mai shuɗi-shuɗi; yana da kyan gani, sai dai yana bukatar shafa mai a kai a kai. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojoji sun koma ga rufin fosfet mai launin toka, wanda ya fi arha, ya kuma fi riƙe mai. Har ila yau akwai rufin kurom mai tauri, da fentin zamani irin na Cerakote da ake fesawa a gasa.

A nan ne mai dukiya yake bukatar lura. Bindigar da ake amfani da ita yau da kullum, sabon rufi yana ƙara mata kwana. Amma ga wadda ta zama kayan tarihi, masu saye fuskarta ta asali suke biya, ko da ta koɗe. Kamfanin Singer, wanda aka sani da keken ɗinki, ya ƙera irin wannan fistol guda 500 kacal a farkon shekarun 1940, kuma a 2017 an sayar da ɗaya daga cikinsu a gwanjo kan dala 414,000. Da wani ya goge ta domin ta yi ƙyalli, da ya goge babban kaso na kuɗinta, domin gugar takan cinye tambarin kamfani da kaifin gefuna, waɗanda su ne shaidar asali.

Bugu da ƙari, sana'ar tana ƙarƙashin doka. Bisa dokar kula da bindigogi ta 1968, duk mai wannan aiki a matsayin kasuwanci sai ya mallaki lasisin tarayya, wanda hukumar ATF ke bayarwa, ya kuma riƙa ajiye rajistar bindigogin da suka kwana a shagonsa. Shafe lambar da aka buga a jikin bindiga babban laifi ne, saboda haka maƙeri yakan yi taka-tsantsan wajen guga.

A Nijeriya lamarin ya sha bamban. Dokar bindigogi ta 1959 ta sanya fistol cikin jerin makaman da aka haramta, ba mai ikon mallakarta sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Don haka wannan ba kasuwa ba ce da ke buɗe ga 'yan kasuwar ƙasar, ko da yake ƙa'idar da ke cikinta ta shafi duk mai hulɗa da tsofaffin kayan ƙarfe: a san darajar abu kafin a kai shi wurin mai guga.