Yadda Waya Da Ragar Ƙarfe Ke Ceton Gidaje Daga Gobarar Daji A Kalifoniya

A safiyar 8 ga Nuwamba 2018, wani tsohon layin lantarki na kamfanin PG&E ya tayar da wuta a busasshen daji a jihar Kalifoniya ta Amurka. Kafin dare, garin Paradise da ke gindin duwatsun Sierra Nevada ya zama toka. Mutum 85 suka rasu, gine-gine sama da 18,000 suka ƙone. Mutane da dama ba su samu saƙon gargaɗi a wayoyinsu ba, domin sai wanda ya yi rajista ake tura wa, ga shi kuma wutar ta cinye wasu turakun sadarwa.

Yanzu akwai kyamarori sama da 1,000 a kan tsaunukan jihar ƙarƙashin shirin ALERTCalifornia, kuma tun 2023 ƙirƙirarriyar basira ke duba hotunansu tana neman hayaƙi. Akwai kuma manhajar Watch Duty, wadda 'yan sa-kai ke sauraron rediyon 'yan kwana-kwana suna saka bayanai a cikinta nan take. A lokacin gobarar Los Angeles ta Janairun 2025, ita ce ta hau saman jerin manhajojin kyauta a App Store. Shafin FIRMS na hukumar NASA shi ma kyauta ne, yana nuna wutar da tauraron ɗan'adam ya hango a ko'ina, har da ƙonen dajin da ake yi a Najeriya lokacin hunturu. Sai dai yakan makara da sa'o'i, don haka ba abin dogaro ba ne ga mai shirin gudu.

To amma duk waɗannan rai suke ceta. Gidan fa?

Binciken Jack Cohen na hukumar gandun dajin Amurka ya nuna cewa galibin gidaje ba harshen wutar daji ne ke cin su ba. Tartsatsi ne. Iska kan ɗauki garwashi ta kai shi nisan fiye da kilomita ɗaya, ya faɗa cikin busasshen ganyen da ya taru a kan rufi, ko ya shige ta ramin shan iska ya kama katakon silin. Shi ya sa za a ga gida ya ƙone ƙurmus, bishiyar ƙofarsa kuwa tana nan da ganyenta.

Maganin ba ya buƙatar caji ko data. Ana rufe ramukan iska da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, kamar milimita 3. Ta roba narkewa take yi. Mita ɗaya da rabi na farko daga bango shi ne mafi haɗari: ba itacen girki, ba ciyawa, ba kujerar roba, sai tsakuwa ko siminti. Shingen katako da ya taɓa bango kuwa tamkar lagwani yake, wuta za ta bi shi har cikin ɗaki. Dokar Kalifoniya ta tilasta sassabe da rage bishiyoyi har mita 30 kewaye da gida a irin waɗannan yankuna.

A Paradise, gidajen da aka gina bayan 2008, lokacin da sabuwar dokar gini ta wajabta rufi da bango masu jure wuta, sun fi tsofaffin gidaje tsira. Duk da haka wasunsu sun ƙone, musamman inda gidan maƙwabci ya riga ya kama.