Kunne Ɗaya Na Ji, Ɗaya Ba Ya Ji: Abin Da Ya Kamata Manya Su Sani Kan Dashen Na'urar Ji

Mutane da yawa suna yawo da kunne ɗaya da ya daina aiki, ko ya yi rauni sosai, amma ba su taɓa zuwa wurin likita ba. Hujjarsu ɗaya ce: ai ɗayan yana ji. 'Yan uwa ma sukan ce a gode wa Allah, tunda ba duka biyun ba ne. Godiya wajibi ce, amma sakaci ba godiya ba ne. Bambancin ji tsakanin kunnuwa larura ce da take da sababi, wani lokaci ma alama ce ta ciwon da ke buƙatar gaggawa, kuma jinkiri yana rage amfanin maganin da ake da shi.

Me ya sa kunne ɗaya bai isa ba?

Ƙwaƙwalwa tana kwatanta abin da kunnuwa biyu suka kawo mata ne, ta duba wanne ya riga jin sauti, kuma a wanne ya fi ƙarfi, sannan ta gane inda sautin ya fito. Idan ɗaya ya mutu, wannan lissafi ya rushe. Mai larurar zai ji hon ɗin babur a titi, amma ya waiga hagu alhali babur ɗin daga dama yake tahowa. A ɗaki shiru hira ba ta yi masa wuya. Amma a wurin ɗaurin aure ko cikin kasuwa, sai ka gan shi yana karkata kai, yana kallon bakin mai magana, yana dariya inda bai ji abin da aka faɗa ba. Idan aka yi masa sallama ta ɓangaren da ba ya ji bai amsa ba, a ce girman kai ne. Da yamma ya dawo gida a gajiye, domin wuni ya yi yana ƙoƙarin haɗa guntayen magana. Da yawa kuma suna fama da ƙara ko shuuu a cikin kunnen da ya mutu, wadda ke hana su barci.

Abubuwan da ke jawo shi

Hangum yana iya kashe kunne ɗaya tun ana yaro. Sanƙarau, wanda yankinmu ya saba fama da shi a lokacin zafi, yana cikin manyan masu jawo kurumta. Zazzaɓin Lassa ma haka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka warke suna samun matsalar ji, kodayake wasu jinsu yakan ɗan dawo bayan watanni. Akwai buguwar kai a hatsari, da ƙarar bindiga ko fashewa kusa da kunne, da ciwon kunne mai zubar da ruwa da aka bari ya daɗe. Allurai irin su gentamicin da streptomycin suna iya lalata ji, shi ya sa karɓar allura a kemis ba da umarnin likita ba ganganci ne.

Abubuwa biyu ne suka fi buƙatar jan kunne. Na farko, idan ka wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kada ka ɗauka datti ne, kada ka tura tsinke ko gashin kaza, kada ka ɗiga mai ko ruwan ganye. Je asibiti a ranar. Maganin da likitoci ke bayarwa ya fi aiki a cikin makonni biyu na farko. Na biyu, idan jin kunne ɗaya yana raguwa a hankali, musamman tare da ƙara ko jiri, likita yakan sa a yi hoton MRI, domin wani lokaci ƙari ne ke fitowa a kan jijiyar ji. Yawanci ba ciwon daji ba ne, amma yana iya girma.

Yadda na'urar ji da ake dasawa take aiki

A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, ana kiranta kokliya, cike da ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke mayar da sauti saƙo zuwa jijiya. Idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu ba sa sake tsirowa. Na'urar taimakon ji ta yau da kullum ƙara ƙarfin sauti kawai take yi, saboda haka idan sun mutu da yawa ba ta da amfani. Na'urar da ake dasawa kuwa tsallake su take yi. Tana da sashe biyu. Na waje yana zama a bayan kunne, ya ɗauki sauti ya sarrafa shi. Na ciki ana dasa shi ƙarƙashin fatar kai ta hanyar tiyata, da siririyar waya da ake zurawa cikin kokliya, wadda ke taɓa jijiyar ji da ɗan ƙaramin lantarki. Maganaɗisu ne ke riƙe sassan biyu ta cikin fata.

Fasahar ba sabuwa ba ce. A 1978 Farfesa Graeme Clark ya dasa wa wani mutum irinta a Melbourne ta Ostareliya. Sai dai shekaru da dama waɗanda suka kurumce a kunnuwa biyu kaɗai ake yi wa. Likitoci a Antwerp ta Beljiyam suna cikin waɗanda suka fara gwada ta ga masu kurumtar kunne ɗaya, da nufin rage musu ƙarar kunne, sai aka ga jin nasu ma ya inganta. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar kamfanin MED-EL ga masu kurumtar kunne ɗaya da masu bambancin ji, a 2022 kuma ta amince da ta kamfanin Cochlear ga masu kurumtar kunne ɗaya. Wanda kunnensa mai dama-dama ma yake da rauni yana iya sa na'urar taimakon ji a wannan, a dasa masa ta tiyata a ɗayan, su yi aiki tare.

Wa ya dace da ita?

Ba kowa ba. Dole jijiyar ji ta kasance da rai, kokliyar kuma a buɗe. Bayan sanƙarau kokliya takan fara cikewa da ƙashi, wani lokaci cikin watanni kaɗan, shi ya sa wanda ya warke daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa ba tare da ɓata lokaci ba. Daɗewar kurumtar ma tana da tasiri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: kunnen da ya yi shekara biyu ba ya ji ya fi saurin karɓar na'urar a kan wanda ya yi shekara ashirin, domin ƙwaƙwalwa takan saba da watsi da wannan ɓangare.

Kafin tiyata likita yakan ba da shawarar a gwada hanyoyi masu sauƙi, kamar na'urar CROS da ke ɗauko sauti daga ɓangaren da ya mutu ta kai wa kunne mai ji, ko wadda ke aika sauti ta ƙashin kai. Suna taimakawa, amma ba sa farfaɗo da kunnen da ya mutu, don haka ba sa dawo da gane inda sauti ya fito.

Abin da mai talla ba zai gaya maka ba

Ba a fitowa daga ɗakin tiyata ana ji. Sai bayan makonni, rauni ya warke, ake kunna na'urar. A ranar farko mutane da yawa suna jin muryoyi a shaƙe, kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba, kuma da yake ɗaya kunnen yana jin sauti na asali, bambancin yakan sa wasu su karaya su ajiye ta. Sai an sa ta kullum, an yi atisayen sauraro da kunnen da aka yi wa dashen shi kaɗai, an riƙa komawa ana daidaita ta, tsawon watanni, kafin a ci moriyarta. Ko a lokacin, jin ba ya komawa daidai da na asali.

Tiyatar tana da haɗarinta: jiri, canjin ɗanɗano, rasa sauran jin da ya rage a kunnen, da kuma, ba kasafai ba, taɓuwar jijiyar fuska. Ana kuma ba da shawarar yin rigakafin sanƙarau kafin aikin. Kuɗin na'urar da tiyata yakan kai dubban daloli masu yawa, kuma bayan nan akwai batir, da wayoyi, da gyara har tsawon rayuwa. Kafin iyali su sayar da gona ko fili su tafi waje, su tambaya: wa zai riƙa daidaita na'urar bayan an dawo gida? A ina za a sami kayan gyara? Na'urar da ba mai kula da ita asarar dukiya ce. A kuma yi hattara da dillalan asibitocin waje masu alƙawarin waraka ɗari bisa ɗari tun ba a ga sakamakon gwaji ba.

Matakin farko ba shi da tsada irin wannan. Gwajin ji ne, kowane kunne daban, a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa, ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Wataƙila ma a tarar matsalar ba ta kai ga dashe ba. Kunnen da ya rage kuwa a kiyaye shi daga ƙarar injin niƙa da janareta da lasifikar biki, domin shi kaɗai ke ɗauke da aikin kunnuwa biyu.