Wasan jiragen yaƙi a intanet: inda rediyo ya fi makami wuyar koyo

Mutum zai iya kwashe wata guda a wasan DCS World yana koyon tayar da injin F/A-18C, ya haddace maɓallai, har ya iya sauka a filin jirgin Batumi ba tare da ya fasa taya ba. Ranar da ya fara shiga intanet ya tashi tare da mutane, sai ya ji wata murya a iyafis tana cewa: "Enfield 1-2, Overlord, BRAA 270, 35, 20 thousand, hot." An kira sunansa, an faɗa masa ɓangaren da wani jirgi yake, nisansa mil 35, tsayinsa ƙafa 20,000, kuma ya nufo shi kai tsaye. Duk wannan cikin daƙiƙa biyar. Kafin sabon shiga ya gama warware maganar a kansa, makami mai linzami ya riga ya iso.

Tsofaffin 'yan wasa sun san wannan dare, domin kowannensu ya taɓa kwana a cikinsa. Tuƙin jirgi ana iya koyonsa a kaɗaice da littafi da bidiyon YouTube. Magana a rediyo da tafiya tare da abokin tashi kuwa sai an shiga cikin jama'a.

Waɗanne wasanni ake magana a kansu

Biyu ne suka fi suna. DCS World na kamfanin Eagle Dynamics ana sauke shi kyauta, yana zuwa da taswirar yankin Kokasos da jiragen Su-25T da TF-51D, sauran jiragen kuma a saya ɗaya bayan ɗaya. Na biyun shi ne Falcon BMS, wanda wasu masu sha'awa suka gina a kan tsohon wasan Falcon 4.0 na kamfanin MicroProse da ya fito a 1998, kuma F-16 ne ƙashin bayansa. A cikin jiragen DCS akwai JF-17 da L-39, waɗanda rundunar sojin saman Najeriya ke amfani da irinsu, L-39 ɗin ma da shi take horar da matuƙa a Kano.

A wasannin nan kusan kowane maɓalli da ke ɗakin matuƙi yana aiki, har da na rediyo. Falcon BMS na da tsarin murya na kansa mai suna IVC. A DCS kuwa akwai tsarin murya a cikin wasan, amma ƙungiyoyi da yawa sun fi sabawa da wata manhajar kyauta, SimpleRadio Standalone, wadda ake taƙaitawa SRS. Aikinta shi ne ta haɗa makirfon ɗan wasa da rediyon da ke cikin jirginsa. Idan ya juya rediyon zuwa mita 251.0, waɗanda ke kan wannan mita ne kawai za su ji shi. Idan bai kunna wutar jirgin ba, babu rediyo. Masu kula da sabar wasan, wato babbar kwamfutar da ke haɗa kowa, suna iya saita ta yadda dutse zai tare murya ko nisa ya raunana ta.

Dalilin da ya sa ake gajarta magana

Wanda ya saba da kiran WhatsApp ya saba da mutum uku su yi magana lokaci guda kuma a ji kowa. Rediyon jirgi irin oba-oba ne: mutum ya danna maɓalli ya yi magana, ya saki ya saurara. Muddin yatsansa na kan maɓallin, ba ya jin kowa a wannan rediyo, kuma ya toshe wa kowa hanya. Idan biyu suka danna tare, sau da yawa ƙara kawai ake ji. 'Yan wasa na kiran wannan taka wa mutum magana.

Wannan matsala ta taɓa cin rayuka a zahiri. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife, jiragen Boeing 747 biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka haddasa haɗarin shi ne hasumiya da matuƙan Pan Am sun yi magana a lokaci guda, matuƙan KLM suka ji ƙara a daidai wurin da ya kamata su ji cewa su dakata, ɗayan jirgin na kan titi. Bayan wannan haɗari aka ƙara tsaurara kalmomin da ake amfani da su a rediyon jiragen sama.

Saboda haka ƙa'idar farko da ake koya wa sabon shiga ita ce ya tsara maganarsa a kai kafin ya danna maɓalli, kuma ya ɗan saurara ko wani na jiran amsa. Tsarin kiran a sauƙaƙe yake: wa ake kira, wa ke kira, me ake so. Babu gaisuwa, babu tambayar gajiya, babu "yi haƙuri, kana jina?". Ga Bahaushe wannan na iya zama kamar rashin ladabi da farko, amma a kan mita mai jirage goma, gajarta magana ita ce girmama sauran.

Jiragen yaƙi na zamani na da rediyo aƙalla biyu. Yawanci ɗaya ake bar wa 'yan tawaga su yi magana tsakaninsu, ɗayan kuma na hasumiya ne, ko jirgin ba da mai a sama, ko AWACS, wato jirgin da ke ɗauke da babbar rada yana hango filin daga gaba ɗaya. Kuskuren da kusan kowa ke yi a makon farko shi ne danna maɓallin rediyon da ba shi ba, ya zuba wa duk sabar labarin da ya so faɗa wa abokinsa kaɗai. Akwai kuma mitocin gaggawa, 121.5 da 243.0, waɗanda ba a hira a kansu.

Kalmomin da ba a musanyawa

Sojojin saman Amurka da na ƙawancen NATO na da kundin gajerun kalmomi, kowace da ma'ana guda, kuma su 'yan wasa suka ɗauko. Wanda ya harba makami daga jirgi zuwa jirgi yakan ce "Fox" da lamba. "Fox 1" makami ne irin AIM-7 da ke buƙatar radar jirgin ta ci gaba da haska masa abin harin. "Fox 2" mai bin zafin inji ne irin AIM-9. "Fox 3" irin AIM-120 ne mai radar kansa, wanda idan ya kunna ta zai iya kama duk jirgin da ya shiga gabansa. Faɗin lambar gargaɗi ne ga abokai su san me ke yawo a sama.

"Bingo" na nufin mai ya kai matakin da dole a juya gida. "Winchester" makamai sun ƙare. "Tally" an ga jirgin abokin gaba da ido, "Visual" an ga na gida, "Blind" kuma abokin tashi ya ɓace wa mutum. Wanda ya ce "Tally" alhali jagoransa yake kallo, zai iya sa a juya makami a kan jagoran.

Wajen faɗin wuri hanya biyu ce. BRAA ana lissafa ta daga jirgin da ake yi wa magana, shi ya sa shi kaɗai take wa amfani. Idan ana so kowa ya gane lokaci guda, sai a yi amfani da "Bullseye", wani wuri guda a taswira da aka amince da shi tun kafin a tashi, a faɗi ɓangare da nisa daga can. Ana auna nisan da mil ɗin teku, kowane ɗaya kilomita 1.852, tsayi kuma da ƙafa.

Wannan tsari na da amfani ga wanda Turanci ba harshensa ba ne. Kalmomin da ake juyawa kullum ba su da yawa, kuma jerinsu ba ya canzawa, don haka ɗan Zariya da ɗan Poland za su iya tashi tare su fahimci juna ko da hirar yau da kullum za ta ba su wahala.

Aikin ɗan rakiya

Jiragen yaƙi bibbiyu suke tafiya, jagora da ɗan rakiya, kuma irin wannan biyun guda biyu ne ke haɗa tawagar jirage huɗu. Sabon shiga ɗan rakiya yake zama. Aikinsa shi ne kada ya yi karo da jagora, kada ya ɓace masa, ya riƙa duba bayansa, sannan ya yi abin da aka ce. Mafi yawan amsarsa kalma ɗaya ce, lambarsa: "Two". Matuƙa ma na da barkwancin cewa ɗan rakiya nagari ba a jin bakinsa sai zai amsa lambarsa, ko zai ce mai ya ƙare, ko zai gaya wa jagora cewa jirginsa ya kama da wuta.

Abin da ke kayar da sababbi shi ne kwaɗayi. Da zarar ɗigo ya bayyana a rada, sai mutum ya sunkuyar da kai cikin allo, ya bi shi, ya bar jagora a buɗe. Tarihi ya nuna abin da biyu ke iya yi idan suka riƙe juna. A yaƙin Midway na watan Yunin 1942, John Thach na sojin ruwan Amurka ya gwada wata dabara da jiragen Wildcat, waɗanda ba su kai Zero na Japan saurin juyi ba. Jirage biyu su jera da tazara. Idan aka biyo ɗaya, sai su juyo suna fuskantar juna, mai bin ya faɗo a gaban bindigar ɗayan. Har yau 'yan wasa na atisayen wannan saƙa, kuma ba ta yiwuwa idan ɗaya ya tafi farautar kansa.

Kafin a harba

Babu abin da ke tayar da jijiyar wuya a sabar wasa kamar mutum ya kakkaɓo na gida. Wasu sabobin na korar mai laifin nan take. Shi ya sa kalmomin tantancewa suke hawa-hawa. "Bogey" jirgi ne da ba a san ko na waye ba. "Bandit" an tabbatar na abokan gaba ne, amma wannan kaɗai bai zama izinin harbi ba. "Hostile" shi ne wanda aka yarda a harba. Wanda radarsa ta kama jirgin da bai sani ba yakan ce "Raygun" tare da wurin. Idan na gida ne, na'urar gargaɗinsa za ta yi ƙara, sai ya amsa "Buddy spike" da nasa wurin.

Ƙungiyoyin da suka ɗauki abin da gaske sukan tunatar da abin da ya faru a arewacin Iraƙi ranar 14 ga Afrilu 1994. Jiragen F-15 biyu na Amurka suka harbo jirage masu saukar ungulu biyu ƙirar Black Hawk, su ma na Amurka, suna zaton Mi-24 ne na Iraƙi. Mutum 26 suka mutu. Bincike ya nuna masu saukar ungulun na kan wata mita dabam da ta F-15, lambar da na'urarsu ta tantance kai ke bayarwa ba ta dace da yankin ba, kuma ma'aikatan AWACS da suka yi magana da su tun farko ba su gargaɗi matuƙan F-15 ba. Bayanin da zai hana harbin yana hannun mutane, amma bai bi ta rediyo ya isa inda ake buƙatarsa ba.

Haka abin yake wajen kai hari ƙasa. Ɗan wasan da ke matsayin jami'in ƙasa, JTAC, yakan karanto bayani mai layi tara, matuƙi kuma ya maimaita masa layi na 4 da na 6, wato tsayin wurin da lambobin da ke nuna inda yake. Lamba ɗaya ta kuskure, bam ya sauka a kan nasu.

Bayan an sauka, ƙungiyoyi na zama su kalli tafiyar a manhajar Tacview, wadda ke nuna hanyar kowane jirgi da kowane makami. A nan musu ke ƙarewa, domin allo na nuna wanda ya bar wurinsa da kuma minti nawa ya yi bai sani ba. Jagora nagari da kuskurensa yake farawa. Ƙungiyar da zamanta ya koma cin mutunci ba ta cancanci datar kowa ba, gara a nemi wata.

Mai waya kaɗai fa?

DCS da Falcon BMS ba sa aiki a waya, kwamfuta mai Windows suke buƙata. DCS na son RAM aƙalla gigabait 16 da katin hoto mai ƙarfi, kuma idan aka ƙara taswirori yakan haura gigabait 100, nauyin da mai sayen data zai ji a aljihu. Falcon BMS ya fi sauƙi a kan tsohuwar kwamfuta, sai dai dole a mallaki Falcon 4.0 na asali, wanda ake sayarwa da arha a Steam da GOG. Ga kuma ɗauke wuta: ɗan rakiyar da ya ɓace ana tsakiyar aiki ya bar jagoransa shi kaɗai, don haka ya kyautu ya sanar da tawaga halin da ake ciki tun kafin a tashi.

Duk da haka ɓangaren rediyo ana iya fara shi da waya. LiveATC na ba da damar sauraron hasumiyoyin filayen jiragen sama na gaske, kunne ya saba da saurin maganar. Haruffan NATO, daga Alfa, Bravo, Charlie har Zulu, ana haddace su a 'yan kwanaki. Wasan Infinite Flight na waya na da masu ba da umarnin sauka da tashi waɗanda mutane ne, kodayake saƙonni ake zaɓa maimakon murya, kuma sai an biya kuɗin wata. Yawancin ƙungiyoyi a Discord suke, inda mutum zai iya karanta takardun horonsu tun bai mallaki sandar tuƙi ba. Wanda ya samu kwamfutar daga baya, wayarsa na iya zama na'urar bin motsin kai ta hanyar SmoothTrack da OpenTrack, ya huta da sayen TrackIR.

Wannan duka ba ya mayar da kowa matuƙin jirgi, kuma babu makarantar da za ta lissafa masa waɗannan sa'o'i. Wanda zai nemi ƙungiya ya fara duba ko tana da daren horar da sababbi, sannan ya duba lokacinta. Jadawalin yawanci da agogon Zulu ake rubuta shi, wanda ke bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya: idan an rubuta 1900Z, ƙarfe 8 na dare ke nan a Kano da Maraɗi. Ƙungiyoyin Turai sun fi dacewa da wannan lokaci, na Amurka kuwa sau da yawa sai wajen ƙarfe 2 na dare suke tashi.