Masu Hoto A Kafanchan: Ba Kowace Filasha Ke Jin Yaren Kowace Kyamara Ba

KAFANCHAN: Daga watan Disamba zuwa bikin Afan da ake yi a Kagoro ran 1 ga Janairu, masu ɗaukar hoto na wannan yanki ba su da hutu. Ga aure a coci, ga ɗaurin aure a cikin gari, ga 'yan gida da suka dawo hutu daga Legas da Abuja, kowa yana son hoto. To, cikin coci da zauren biki haske ba ya isa, sai da filasha, kuma hoton amarya in ya ɓaci ba a sake bikin domin mai hoto.

Gwanayen sana'ar sun daɗe da gane cewa filashar da ke bisa kan kyamara tana baje fuska, ta bar baƙar inuwa a bango. Saboda haka sukan ɗauke ta su kafa a gefe bisa sanda, ko yaron shago ya riƙe. Tambaya ita ce, yaya za ta san lokacin da za ta haska?

Hanya mai araha ita ce filasha mai ido, wadda ke tashi da zarar ta ga walƙiyar wata. Amma fa a wurin biki, inda masu hoto biyar ke tsaye, walƙiyar kowa tayar da ita take yi, batir ya ƙare a banza. A filin Afan kuwa, da tsakar rana, idon ba ya ganin komai. Bugu da ƙari, kyamarorin zamani sukan yi wata 'yar walƙiya ta awon haske kafin ta ainihi, sai filashar gefe ta riga malam masallaci, hoto ya fito da duhu. Maganin wannan shi ne a juya ta zuwa S2 maimakon S1.

Babbar asara dai tana wurin sayen kayan gwanjo. Mazaunin filasha a kan kyamara kusan fasali ɗaya ne, amma ƙusar tsakiya kaɗai ce ta kowa, ita ma abin da take cewa kawai shi ne a haska. Sauran 'yan ƙusoshin, masu kai saƙon yawan haske, kowane kamfani da nasa. Canon ta fito da tsarinta na E-TTL a 1995, Nikon ta kawo i-TTL a 2003, kuma ba sa jin juna. Wanda ya ɗora filashar Nikon a kan Canon, sai ya saita ƙarfinta da hannu. Minolta ma tun 1988 ta canza mazaunin ɗungurungum, Sony ta gaje shi a 2006, ba ta sake shi ba sai 2012. Ita kuwa Canon EOS 4000D ta 2018, wadda masu koyo ke so saboda arha, an cire mata ƙusar tsakiyar, don haka filasha da yawa ba sa tashi a kanta sam.

Tsofaffin filasha na zamanin fim sun fi haɗari. Vivitar 283 ta shekarun 1970, ƙirar Japan ta farko, tana iya sako wutar da ta haura bolt 200 ta ƙafarta, alhali wasu Canon na farkon zamanin dijital ba a so a wuce musu bolt 6. Kafin a ɗora irin wannan, a kai wa mai gyaran rediyo ya auna da mita, aikin minti biyu ne.

Yanzu mafi yawa sun koma ga na'urar rediyo, musamman ta Godox, wadda rana ba ta hana ta aiki. Ita ma sai an duba harafin da ke ƙarshen sunanta: C na Canon, N na Nikon, S na Sony. Kan kyamara kaɗai ake canzawa, filashar Godox da ke gefe tana bin duk wadda ta kira ta. Tashoshinta 32 ne, kuma kusan kowa a ta ɗaya yake barin tasa, watau in an haɗu a biki sai masu hoto su raba tasha tun kafin amarya ta iso.